Darasi: Sakin Tsuntsun Keji, Jinƙai ne ko Cutarwa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci tsuntsaye, Ya hore musu iska, Yake ciyar da su ba tare da sun yi noma ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa yana kan wata tambaya da yara kan yi, manya ma sukan yi. Mutum yana da kanari ko aku ko tsirya a cikin keji, sai tausayi ya kama shi, ya ce bari in buɗe masa ƙofa ya tafi daji, ko Allah Ya ba ni lada. To shin wannan aiki lada ne ko kuwa alhaki? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowane tsuntsu. Akwai wanda sakinsa shi ne daidai, akwai kuma wanda sakinsa kisa ne. Sai mu bi abin a hankali.

Na farko: Shin ya halatta a tsare tsuntsu?

Sayyidina Anas ɗan Malik (R.A.) yana da wani ƙane da ake yi wa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan ƙaramin tsuntsu da Larabawa ke kira nugair, yana wasa da shi. Manzon Allah (S.A.W.) yakan ziyarci gidansu, yakan yi wa yaron raha. Da tsuntsun ya mutu yaro ya shiga damuwa, sai Annabi ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun nasa don ya sanyaya masa zuciya. Buhari da Muslim duk sun ruwaito asalin wannan ƙissa. Wani malamin Shafi'iyya mai suna Ibnul Ƙass ya fitar da fa'idodi sittin daga wannan hadisi guda, Hafiz Ibnu Hajar kuma ya kawo su a sharhinsa na Buhari. Daga cikinsu akwai halaccin tsare tsuntsu a keji, domin Annabi ya gani bai hana ba.

Amma halaccin yana da sharaɗi. Kowa ya san hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci da ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta je ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Kun ga laifin matar a nan shi ne ta toshe hanyoyi biyu, hanyar ciyarwa da hanyar saki.

Ku lura da kyau, domin nan ne tushen darasinmu. Sakin da aka ambata a hadisin, saki ne don dabbar ta je ta ci. Kyanwa idan an kwance ta, ta san yadda za ta kama ɓera da ƙadangare. To idan dabbar da ke hannunka ba ta iya neman abinci ba, ka sake ta, ai yunwar da ta kashe kyanwar can ita ce za ta kashe ta. Wurin mutuwar ne kawai ya sauya, waccan a cikin ɗaki, wannan a bayan gari.

Na biyu: Tsuntsayen keji kashi uku ne

Kashi na farko, tsuntsun dajinmu da aka kama kwanan nan. Misali kanarin da yaro ya kama da tarko a bakin gona, ko kurciya, ko tsirya, ko jan baki. Wannan a daji ya tashi, ya san inda ruwa yake, ya san tsabar da ake ci, ya san inuwar shaho.

Kashi na biyu, tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a keji, ko aka ɗauko shi daga sheƙa tun yana ɗan tsako aka rene shi da hannu, ko kuma wanda ya shafe shekaru a tsare. Wannan bai san komi ba sai gwangwanin gero da ɗan kofin ruwa.

Kashi na uku, baƙon tsuntsu, wanda ƙasarmu ba ƙasarsu ba ce. Misali ƙananan tsuntsayen nan masu launin kore da shuɗi da rawaya da ake sayarwa bibbiyu. Da yawansu asalinsu daga Ostareliya ne, an fara kai su Ingila a 1840, tun daga lokacin ake hayayyafa su a keji. Haka kanarin Turawa, ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun mutane. Shi ma aku mai launin toka da jan wutsiya baƙo ne a ƙasar Hausa. Gidansa kurmi ne mai yawan ruwa, kamar na Kuros Riba da Kamaru da Gabon da Kwango. A can yake cin kwakwar manja da 'ya'yan itatuwan kurmi.

Na uku: Me ke samun tsuntsu bayan an buɗe keji?

Mu dai mukan ga ya tashi fir, ya ɓace a sama, sai zuciya ta yi sanyi. Abin da ya biyo baya ne ba mu gani. Ga abin da ke jiran kashi na biyu da na uku.

Yunwa. Jikin tsuntsu ya fi na mutum zafi, yana kai maki 40 zuwa 42 a ma'aunin zafi, don haka abinci ba ya daɗewa a cikinsa. Ƙaramin tsuntsu irin kanari idan ya yi kwana ɗaya ko biyu bai ci ba, yana iya mutuwa. Neman abinci kuwa koyo ake yi, ɗan tsuntsu yana bin iyayensa yana ganin abin da suke tsattsaga. Wanda bai yi wannan karatu ba zai iya zama a kan ciyawa mai tsaba bai san abinci ba ce.

Ƙishirwa. A bazara, lokacin da tafkuna suka ƙafe, tsuntsun daji ya san inda zai tafi mai nisa ya sha. Na keji bai taɓa neman ruwa ba.

Raunin fiffike. Wanda ya shekara yana tsalle daga wannan kara zuwa wancan, naman ƙirjinsa ya saki. Zai tashi kaɗan ya gaji ya sauka ƙasa. Balle wanda aka yanke wa gashin fiffike, wannan sai ya yi watanni kafin sabon gashi ya fito.

Maƙiya. Shaho da shirwa da hankaka a sama, muzuru da maciji a ƙasa. Tsuntsun da ya saba da mutane ba ya gudun abin da ya nufo shi. Launinsa mai haske kuma yana tona shi daga nesa. Har yara masu danƙo ma shi za su fara samu.

Sanyi da zafi. Akun kurmi bai san hunturun Kano ba, bai san bazarar Sakkwato ba.

Saboda haka masana tsuntsaye suke cewa mafi yawan tsuntsayen gida da aka saki ba sa daɗewa da rai. Wannan shi ne Bahaushe ke cewa gudun gara an faɗa gidan zago.

Na huɗu: Cutar da ke faɗa wa waɗansu

Ba tsuntsun da aka saki kaɗai ke cutuwa ba. Tsuntsayen kasuwa ana cakuɗa su a wuri guda, masu lafiya da marasa lafiya, kusa da kaji da agwagi. Wani yana ɗauke da cuta alhali ba a gani a jikinsa. Idan aka sake shi sai ya kai wa na daji. Akwai wata cuta ta dangin aku mai zubar da gashi ta lalata baki, wadda ba ta da magani. Akwai kuma wata da ake kira zazzaɓin aku, wadda har mutum tana kamawa idan ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsu. Iyayenmu ba su manta da murar tsuntsaye ba, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, karo na farko a nahiyar Afirka, ta jawo wa masu kiwo hasarar kaji masu ɗimbin yawa.

Wani lokaci kuma baƙon tsuntsu ba ya mutuwa, sai ya yi ƙarfi ya zama annoba. A 1890 wani mutum mai suna Eugene Schieffelin ya saki waɗansu baƙaƙen tsuntsaye masu ɗigo-ɗigo na Turai, da ake kira sitalin, guda 60 a wani lambu a birnin Niyok, ya ƙara waɗansu a shekarar da ta biyo. Suka hayayyafa suka kai miliyoyi, suka bazu a faɗin Amurka, suna cinye amfanin gona da abincin dabbobi, suna ƙwace wa tsuntsayen ƙasar kogon da suke sheƙa. Ita ma tsirya, wadda a wurinmu 'yar gida ce, ta kafu a Landan da waɗansu biranen Turai daga waɗanda suka kuɓuce ko aka saki. A Burasel ta ƙasar Beljiyam an saki kimanin 40 a 1974, suka zama dubbai. Kun ga mutum ɗaya ya buɗe keji, jikokin waɗansu na biyan kuɗin ɓarnar. Shari'a kuwa ta kafa ƙa'ida cewa ba a cuta, ba a kuma cutarwa.

Na biyar: Me malaman fiƙihu suka ce?

A zamanin jahiliyya Larabawa sukan saki raƙuma don gumakansu, ba a hawanta, ba a tatsarta, ba mai ita. Sunanta sa'iba. Allah Ya soke wannan al'ada a Suratul Ma'ida, aya ta 103. Daga nan malaman Shafi'iyya, irin su Imamu Nawawi, suka ce wanda ya mallaki abin farauta sannan ya sake shi, mallakarsa ba ta gushe ba a magana mafi inganci, kuma sun hana yin hakan saboda ya yi kama da sa'iba. Waɗansu malamai sun ƙara da cewa akwai tozarta dukiya a ciki, abin da Annabi (S.A.W.) ya hana.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai wani bambanci mai amfani ƙwarai. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya yi bayanin abin farautar da ya kuɓuce wa mai shi wani ya kama. Idan ya koma ɗabi'arsa ta daji, ya zama na wanda ya kama na biyu. Idan kuwa ya riga ya saba da mutane, bai kuma koma halin daji ba, yana nan na mai shi na farko. Larabci yana kiran sabo ta'annus, komawa halin daji kuma tawahhush. Wannan hukunci a kan mallaka yake, amma ya nuna mana malamanmu sun daɗe da sanin cewa dabbar da ta saba da gida daban take da ta daji. Wanda tsuntsu ya saba da shi ba ya fita daga nauyinsa don kawai ya buɗe ƙofa.

Har ila yau a Malikiyya, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci. In ya ƙi ko ya kasa, alƙali ya sayar da ita ga wanda zai iya. Ku lura, ba a ce a kore ta daji ba. An ce a mayar da ita hannun mai ciyarwa.

Wannan ba ya nufin an hana saki gaba ɗaya. Wanda ya yi harama da Hajji ko Umra alhali akwai abin farauta a hannunsa, dole ya sake shi. Kuma Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (S.A.W.) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. A nan an mayar da 'yan tsaki ga uwarsu da sheƙarsu, wato inda za su rayu. Ba a jefa su sama aka ce su tafi ba.

Na shida: Sayen tsuntsu don a sake shi

A waɗansu ƙasashe, kamar Fakistan da Indiya da Tailan, za ka ga masu keji cike da ƙananan tsuntsaye suna kiran mutane su saya su saki don neman lada. Niyyar mai saye tana iya zama kyakkyawa. Amma ku yi lissafi. Idan maharbi ya sayar da goma yau, gobe ashirin zai kamo. Kafin a kai kasuwa waɗansu sun mutu a tarko, waɗansu a buhu, waɗansu a cunkoson keji. Waɗanda aka saki a tsakiyar birni a galabaice suke, nesa da inda aka kamo su. Ashe kuɗin mai tausayi shi ne ya ɗana tarkon gobe. Wanda ke son lada ta hanyar tsuntsaye, ya ajiye kaskon ruwa a inuwa lokacin bazara, ya watsa tsaba, ya dasa bishiya. Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Na bakwai: Maganar aku da gauraka

Aku yana buƙatar bayani na musamman. Yana rayuwa shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula, ke nan yana iya riskar jikokin wanda ya saye shi. A daji cikin garke yake zama, don haka kaɗaici yana sa shi ya riƙa fige gashin kansa. Kamun da ake yi masa ya ƙarar da shi a wurare da dama. Wani bincike ya nuna cewa ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A watan Oktoba na 2016, a taron Johanasbag na ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, an hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A Nijeriya ma an kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Ita kuma gauraka, wadda ake ajiyewa a manyan gidaje don ado, ta yi ƙaranci ƙwarai a fadamunmu, kamu yana cikin abubuwan da suka jawo haka.

Shin ana iya mayar da aku daji? Ana iyawa, amma aikin masana ne. A ƙarshen 2007 an kama aku fiye da 1,000 a filin jirgin saman Duwala na Kamaru ana shirin fitar da su. Aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe. Aka killace su, likitoci suka duba su, masu ƙoshin lafiya aka sake su a kurmi cikin garke. Waɗanda maharba suka yanke wa fiffike ko danƙo ya ɓata musu gashi sai da suka yi watanni kafin su iya tashi. Waɗannan fa akun daji ne da ba su daɗe a hannu ba. To ina ga wanda ya shekara goma a zaure yana kwaikwayon sallama, a ce a sake shi a Kano ko Zariya?

Na takwas: Abin da ya kamata a yi

1. Tsuntsun dajinmu da aka kama cikin 'yan kwanaki, lafiyarsa ƙalau, fikafikansa cikakku: a mayar da shi wurin da aka kamo shi. A sake shi da safe, kusa da itatuwa da ruwa, ba da magariba ba, ba cikin iska ko ruwan sama ba. In ana shakkar ƙarfinsa, a gwada tashinsa a cikin ɗaki a rufe tukuna.

2. Ɗan tsakon da ya faɗo daga sheƙa: a mayar da shi sheƙar. Maganar cewa uwa za ta ƙi shi saboda warin hannun mutum ba gaskiya ba ce.

3. Haifaffen keji, ko wanda ya daɗe a tsare, ko baƙon tsuntsu: kada a sake shi. A ci gaba da kula da shi. In an gaji, a bai wa wanda ya iya kiwo kuma yake tsoron Allah.

4. Aku da gauraka da makamantansu: kada a saya tun farko. Wanda yake da shi ya kasa riƙewa, ya nemi shawarar likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji.

5. Marar lafiya: kada a sake shi ko da ɗan daji ne. A ware shi daga kaji, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

6. Wanda ya riƙe tsuntsu, ga haƙƙinsa: abinci da ruwa mai tsabta kullum, keji mai faɗin da zai buɗe fikafikansa ya ɗan tashi, inuwa da rana, mayafi a daren hunturu, share kashi, da tsare shi daga kyanwa da ɓera. Idan za a yi tafiya a damƙa shi ga wani.

Tantabara kuwa hukuncinta daban. Ita 'yar gida ce da ke fita kiwo ta dawo akurkinta. Barinta ta tashi ba saki ba ne. Wanda ba ya bukatarta ya sayar, ko ya kyautar, ko ya yanka a ci.

Nasiha ga iyaye

Yaro ba a rubuta masa zunubi kafin ya balaga, amma nauyin tsuntsun da ke gidan yana kan uba da uwa. Idan yaro ya ce Baba a saya mini kanari, a tambaye shi, wa zai zuba masa ruwa ranar da ka tafi hutu? A kuma hana yara ɗiban 'yan tsaki daga sheƙa, da harbin tsuntsu don gwajin saiti. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya taɓa wucewa ta wajen waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin koyon harbi. Allah Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Mafi alherin abin da za mu yi wa tsuntsun daji shi ne mu bar shi a dajinsa tun farko, wanda kuma ya riga ya dogara da mu, mu riƙe amanarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Tambayoyin bita

1. Wane hadisi ne ya nuna halaccin tsare tsuntsu, kuma mene ne sharaɗinsa?
2. Kawo kashi uku na tsuntsayen keji tare da misalin kowanne.
3. Mece ce sa'iba, kuma a wace sura aka ambace ta?
4. Mene ne bambancin ta'annus da tawahhush?
5. Me ya sa sayen tsuntsu don a sake shi yake ƙara yawan kamu?
6. Ƙanenka ya kamo kurciya jiya, maƙwabcinku kuma yana son sakin akunsa na shekara takwas. Wace shawara za ka bai wa kowannensu?

A rubuta amsoshi a littafin aiki a kawo wa malamin aji. Allah Ya sanya mu cikin masu jinƙan halittunsa, Ya ji ƙanmu da iyayenmu da malamanmu, amin.